Rigar Kakanki Ta Yage

Auta,

Rigar marigayi kakanki ta lalace, kuma ni na lalata ta. Kin ce ƴan wasan kwaikwayonku na son riga irin ta mutanen da, ni kuwa ban iya yanka da ka ba, sai na gani da ido. Shi ya sa na aro ta wajen kakarki Inna, na farke gefe ɗaya in ga yadda aka haɗa hammatar, da niyyar in mayar. Ashe zaren ya daɗe da mutuwa. Ina ja ta biyo hannuna kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ko allura ba ta da wurin kamawa.

Taku rigar na gama ɗinka ta, tana rataye bayan ƙofa. Ta fito sak. Na koma shago. Ki cusa ta a jaka kafin ki wuce ɗakin Inna, kada ta gani.

Na kai mata tsumman. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Wuyan rigar kawai ta shinshina, ta ce, "Yau kam Malam ya tafi." Ta juya ta fuskanci bango, ko ruwa ta ƙi sha.

Babanki