Ƙugiyoyin Yaya Eliseo

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau ma a jikin bangon dutsen muka wuni. Kwarin Cochamó yana can ƙasa, bishiyoyi kamar ciyawa. Yaya Eliseo ne a gaba kamar kullum, ni ina riƙe da igiya ina sakar masa. Tsagar da muke bi muna kafa ƙusa ta ƙare, saura dutse sumul. Sai ya fito da ƙugiyoyi. Na tsani ganinsu. Ɗan ƙarfe kamar lanƙwasasshen yatsa, ka maƙala shi a tudun da bai fi kaurin farce ba, ka rataya tsanin igiya, ka taka da duk nauyinka. Ya leƙo ni ya ce, "Auta, gyara fuskar nan mana, kina tsorata ƙugiyar."

Talata, 4 ga Fabrairu

Yaya ya faɗo. Yana da rai. Sauran sai gobe.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Ƙugiyar ce ta zame. Igiya ta tare shi a ƙusa ta ƙarshe, amma kafin nan ƙafarsa ta daki dutse. Idon sawun ya kumbura har takalmi ya ƙi fita, sai da na yanka shi. Muna kan gadon da muke ratayewa a bango. Ya sha shayin mate, ya amayar.

Komawa ƙasa ba ta yiwuwa. Mun ratso ta ƙarƙashin wani wuri da dutsen ya leƙo waje, in muka saki igiya a iska za ta tsaya. A sama kuwa akwai faffaɗan dandamali, daga can kwazazzabo ya gangara har daji. Tsakaninmu da shi tsawon igiya ɗaya, wurin da ya kayar da Yaya. Na kira Don Heriberto mai dawakai ta rediyo. Ya ce ruwan sama na tafe ranar Juma'a, kuma da wannan iskar babu jirgin ceton da zai taso.

Ke nan ni ce zan shiga gaba.

Yaya ya baje mini ƙugiyoyin a cinyarsa. Ya ce duk inda na samu ɓangoro mai ƙwari in bar ɗaya a can, in danne ta da salatif, in saƙala igiyata a jikinta. In ɗaura mata siririyar igiya in sako masa, shi zai riƙa jan ta ƙasa don kada ta ɗaga. Na ce, "In na faɗo za ta riƙe ni?" Ya ce, "Wani lokaci takan riƙe."

Ina ma ƙarya ya yi mini.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Zan rubuta duka, ko zai fita daga kaina.

Na fara da safe. Ka lalubi dutse da yatsa har ka ji ɗan tudu, ka ɗora ƙugiya, ka kawar da fuska don in ta fizgo haƙora take nema, sannan ka taka a hankali. Tana yin wata 'yar ƙara, ƙiris ƙiris, yashi na zubo maka a hannun riga. Bobuwa ta sauka a wuyana tana cizo, ina ji ina gani, ban isa in kore ta ba. Ina ta kiran Budurwa Maryamu, ni da rabona da coci tun jana'izar Baba.

Na samu ɓangoro, na bar ƙugiya, na lafta mata salatif har ta ɓace. Can gaba na bar wata a wani da bai kai na farkon ba, in na ƙwanƙwasa shi kamar kwano yake amsawa. Yaya daga ƙasa yana ta surutu don kada in yi tunani. Wai in mun sauka zai saya mini gasasshen rago sukutum, wai tun ina ƙarama nake hawa rufin akurkin kaji.

Har na fara hango bakin dandamalin sai tudun da nake kai ya ɓare.

Ban yi ihu ba, ina ji. Ƙugiyar sama ta fizge da ɓangoron gaba ɗaya, ta daki hular kwanona. Na ci gaba da tafiya. Na ga Yaya yana ƙara girma. Sai wani abu ya finciko ƙuguna, na tsaya ina lilo.

Ta ƙasan ta riƙe. Na ja jiki na hau igiya na dube ta: bakinta ya buɗe, saura kaɗan ta miƙe, salatif ya yage yana kaɗawa. Wandona a jiƙe. Wannan ba mai jin sa.

Yaya kuka yake. Ban taɓa jin sa ba. "Rayén, sauko! Sauko mu jira!" Rabon da ya kira sunana na manta. Na ce, "Mu jira wa, Yaya?" Na ce ya ja siririyar igiyar da kyau ya rufe mini baki.

Na ɗora sabuwa kusa da wadda bakinta ya buɗe, na sake hawa. Wannan karon babu addu'a, babu komai, numfashina kawai nake ji. Tsanin yana rawa, ina takawa. Da hannuna ya kama bakin dandamalin na kwanta rub da ciki na daɗe. Akwai tsaga a wurin. Ban taɓa jin abu mai daɗi kamar ƙarar ƙusa tana shiga ba.

Ya hau igiya da ƙafa ɗaya, yana zagin dutsen har kakanninsa.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Ruwa ya kama mu a kwazazzabo. Da gindi ya sauko, ni ina gaba ina tare ƙafar. Don Heriberto yana bakin daji da doki da burodi mai zafi a cikin tsumma. Ya kalle mu, ya cire hula.

Talata, 11 ga Fabrairu

Muna asibiti a garin Puerto Montt. An sa masa ƙarfe a ƙafa. Mama ta sa na rantse a gaban gadonsa cewa na gama da dutse. Da zuciya ɗaya na rantse. Ko matakalar asibitin sai na riƙe bango. Cokali ya faɗi a kicin, na tsinci kaina a tsugune.

Lahadi, 1 ga Maris

Yaya ya ce shi kam ya bari, in raba kayan ga duk mai so. Ban samu lokaci ba tukuna.

Maite, wadda muka yi makaranta tare, ta bugo waya. Abokin hawanta ya fasa, tana neman wanda za su shiga kwarin kafin sanyi ya sauko. Na ce mata a'a, na gama, na yi rantsuwa. Ta ce ta gane. Muka yi hirar ɗanta, da tsadar gas.

Har za ta kashe sai na tambaye ta wane bango ne, kuma wa zai shiga gaba. Tambaya ce kawai.