Inna, Za Mu Hau Dutse da Baba

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Albishirinki! Za mu tafi kan dutse. Da zarar an ba yara hutun ƙarshen shekara, mu duka za mu kama hanyar ƙauyukan nan na kudancin Kaduna, inda aka fara tura Baba koyarwa kina amarya.

Ni na kawo shawarar, kin dai san ni da ƙirƙiro aiki. Amma da dalilina. Tun da kika tafi, Baba bai wuce masallacin layinmu ba. Ko unguwar Kongo, inda abokansa ke zaman hira, ya daina leƙawa. Ya rame, Inna, kuma ina jin tsoro. Na ce in ba mu fito da shi daga ɗakin nan ba, za mu rasa shi muna ji muna gani.

Ke kika cika mana kunne da labarin wurin. Yadda kike sauka gindin dutse ɗibar ruwa, ki hauro da tulu kina haki, matan garin suna ta yi miki dariya. Da kunun acca mai tururi da safe, da zumar da ake kawo miki a ƙwarya. Kina yawan cewa, "Wanda bai kwana kan dutse ba bai san darajar bargo ba."

To, ki zo ki ga gidanki yanzu, ya rikice! Yaya Sani ya samo motar haya. Ni kuwa na shiga kasuwa na kwaso rigunan sanyi wajen Madam mai gwanjo, har tana tambayata ko Turai muka nufa. Jikokinki sun mayar da buhunan masara tsauni, kullum atisayen hawa suke, ɗaya ma ya fasa leɓe. Takwararki ta rantse sai ta taɓo gajimare da hannunta. Tsarabar mutanen garin, gishiri da sabulu da atamfa, tuni na ɗaure.

Sai dai uban tafiyar ya ƙi ƙememe. Yau ya ce gwiwa, gobe ya ce sanyi. Na lallashe shi, na yi fushin ƙarya, na turo masa jikoki, duk a banza. Wallahi har na fara karaya.

Jiya da hantsi muna tsakar gida, Yaya Sani yana bayanin wata gajeriyar hanya mai kwana-kwana da direba ya ce za mu bi. Sai Baba ya ɗaga labule ya leƙo. Ashe duk yana jinmu.

Ya ce, "Ba ta nan za a bi ba. Uwarku ba ta jure wa kwanar nan, jiri take yi. A bi ta doguwar."

Ba wanda ya gyara masa, Inna. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce to. Baba ya sa aka miƙo masa sandarsa, ya tare keke napep ya tafi tasha, wai sai ya ga tayoyin motar da idonsa. Na shige kicin na yi kukana, na fito ina dariya.

Doguwar hanyar za mu bi, saboda ke.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Mu kuma Ya kai mu lafiya, Ya ba gwiwar Baba ƙarfin hawa.

Taki har abada,
Autarki Bilki, daga Tudun Wada