Farantan Merv a Kan Mota

Camooweal, 9 ga Yuli

Yaya Noelene,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwar taki? Ya maigidanki Barry da jikoki? Mu lafiya lau, in ban da haushin Merv da ke cina.

Shekara arba'in ina jiran mijin nan ya yi ritaya mu zaga ƙasa a motar kwananmu, ashe farantan sola zan zo yi wa gadi. Biyu ya ɗora a rufi, masu ɗagawa. Wai a watannin sanyin nan da muke ciki rana ƙasa-ƙasa take bi ta arewa, dole a karkata su. Sau uku a yini yake hawa tsani, mutum mai shekara saba'in da ɗaya! Kowa ya faka a inuwa bakin ruwa, mu muna tsakiyar fili kamar kifin da aka shanya.

Jiya na ce, "Tsoho, sauko kafin ka mayar da ni gwauruwa." Ya ce, "Firjin da ke riƙe allurar sugarki, da surutunki yake aiki?" Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Ƙanwarki,
Desley

Mount Isa, 14 ga Yuli

Yaya Noelene,

Ina fata kuna lafiya. Kada ki tsorata, Merv na asibiti amma da sauƙi. Ranar Alhamis tsanin ya zame, ƙugunsa ya karye. Motar asibiti ta tafi da shi, aka bar ni da mota, farantai a miƙe. Ba a tuƙi haka, iska za ta fizge su.

Kin san ko kujera ba na iya hawa. Na hau rufin, Yaya. Ina kuka ina zaginsa, don ya ɗaure notunan kamar ba za a sake kwancewa ba. Awa guda na yi da sifana kafin na kwantar da su. Sannan na tuƙo kusan kilomita ɗari biyu ni kaɗai, manyan tireloli na wuce ni.

Da na shiga ɗakinsa a asibitin, ya kama hannuna, idonsa ya cika. Na zaci zai ce ya yi kewata. Sai ya ce, "Kin kulle maƙalin hagu?" Na ce, "Na kulle." Ya lumshe ido ya ce, "Yawwa, yarinyata."

Ban ma san farantan suna da maƙalin hagu ba. A hanya na ji wata ƙara, ban tsaya ba. Da safen nan na leƙa rufin, faranti ɗaya ne ya rage. Firjin dai yana aiki.

Likita ya ce sai bayan wata uku zai taka sosai, tsani kuwa ya yi bankwana da shi. In ya kira ku, ba ku san komai ba. Barry musamman, kin san bakinsa.

Taki har kullum,
Desley