Kada Ka Bar Aikinka Saboda Bugun Zuciyata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga maigidana da ke Legas. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Mahaifiyarka Hajja tana gaishe ka. A waya na kasa faɗa maka maganar nan. Duk lokacin da na buɗe baki sai in ɓuge da tambayarka abin da ka ci. Tunda a shafin nan nawa na sada zumunta na yi ta shelanta begenka, bari in gyara a nan.

Yaya, don Allah kada ka ajiye aikinka.

Ka san ni da littattafan soyayya. A cikinsu idan miji ya yi nisa, zuciyar matar takan yi ta bugawa, hannunta ya yi rawa, barci ya ƙaurace mata, ta rame. Da ka tafi, duk suka same ni. Wallahi har daɗi na ji. Na ce ashe ni ma na kai a rubuta labarina.

Sai in cinye burabisko faranti guda in ƙara, amma zani yana zame mini. Ina zufa a gaban fanka. Ranar da muka yi waya ta bidiyo ka ce, “Idanun nan naki sun ƙara girma.” Wuni na yi a gaban madubi. Daga nan na yi ta rubuta maka cewa rashinka zai kashe ni, har ka ce za ka bar aikin da ka sha wahala kafin ka samu, ka dawo Dala mu zauna.

Ranar da za mu je biki unguwar Shehuri, sarƙar lefena ta ƙi haɗuwa a wuyana. Hajja ta zo taya ni, sai yatsunta suka tsaya. Ta ce in haɗiyi yawu. Ta ce, “'Yar nan, ko'ina kin rame sai wuya?” Keken hayar da muka tare don biki, asibiti ya kai mu.

Likita ta tambaye ni me nake zaton yana damuna. A gaban mahaifiyarka, Yaya, na sunkuyar da kai na ce kewar miji ce. Likitar ba ta yi dariya ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Da sakamakon jini ya fito ta zana mini a takarda. Akwai wata tsoka a gaban wuya mai siffar malam-buɗe-littafi, ana ce mata tayirod. Tana ɗaukar wani abu da ake kira aidin daga gishiri da abinci ta haɗa wani sinadari mai aidin huɗu. Jiki ya cire ɗaya, mai ukun nan shi ke gaya wa zuciya da hanji da ko'ina saurin da za su yi aiki. Ƙwaƙwalwa ce ke aiko mata saƙo ta ƙara ko ta rage. Tawa ƙwaƙwalwar ta daɗe da yin shiru, don abin ya yi yawa, amma garkuwar jikina tana kwaikwayon saƙon, tsokar kuma tana ta aiki. Idanun da ka yaba ma ciwon ne ya turo su. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

An ba ni ƙwayoyin da ke hana ta haɗa sinadarin. Na riƙe su a hannu na kasa sha. Tsoro nake ji, idan zuciyar ta lafa, in duba in tarar babu komai a ƙarƙashi. Hajja ce ta tsaya a kaina da kofin ruwa ta ce, “Ɗana mata yake so, ba gawa mai begensa ba.”

Na sha, kuma ina sha. Yanzu ina zuba shayi ba ya zubewa. Ina barci. Zuciyata tana tafiya a hankali, kamar ta kowa.

Amma jiya keke ya tsaya a ƙofar gida, na tsinci kaina a zaure babu takalmi. Baƙin maƙwabta ne. Na dafa ƙirjina, lafiya lau yake bugawa, ga ni kuma a tsaye ina leƙe. Har yau idan na yi miyar kuka nakan rage barkono, don kai ba ka so.

Saboda haka ka zauna ka yi aikinka. Ba mutuwa nake ba, jira nake. Zan ci gaba da zuwa gwajin jini, Hajja tana raka ni. Idan ka zo da Sallah za ka tarar na yi ƙiba, idanun kuma likita ta ce wataƙila su koma, wataƙila a'a. Duk yadda ka same su, ka yabe su. Wannan karon na san abin da zan yarda da shi: yabo daga wurinka, batun lafiya daga wurin likita.

Allah ya tsare mini kai, ya yi albarka a neman da kake, ya saka wa Hajja da alheri, ya ba duk mai ciwo lafiya.

Taka, mai jiranka da zuciya a kwance,
Yagana