Gizakar Nimal

Mansura, Doha
Yuli 2020

Zuwa ga matata Adisa,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Mma, yaya yara da mutanen Zango? Ni ƙalau nake, kada labarin korona ya tayar miki da hankali.

Nimal dai, mutumin Sri Lanka da muke ɗaki ɗaya kuma muke aikin lambu tare, shi ya kamu. Kafin motar asibiti ta iso, ya miƙo mini kwalba da gizaka a ciki. A tukwanen furen da aka kawo daga tsibirinsu ya tsince ta, ya ce 'yar garinsu ce, in riƙe masa amana. Kin san ni da ƙyamar gizaka. Ga ni yau ina tsinko mata ganye kamar mai kiwon akuya. Yanzu ta naɗe kanta ta yi shiru. Shi ma an ce bai farfaɗo ba. Ki sa shi a addu'a.

Mijinki,
Masahudu

Agusta 2020

Adisa tawa,

Da fatan kuna lafiya. Albishirinki! Gizakar nan ta zama faɗa-wuta ta fito, fikafikai baƙaƙe da ɗigon fari, cikinta ruwan lemo da zane irin na damisa. Na ɗauki bidiyo, wata nas ta kai wa Nimal bayan an cire masa injin numfashi. Ta ce ya daɗe yana kallo, ya yi kuka, ya ce irinsu ke cika barandar mahaifiyarsa bayan ruwan sama. Ranar ya fara karɓar abinci.

Ban sake ta ba, zafin waje zai kashe ta. A labulenmu ta ƙare 'yan kwanakinta.

Naki,
Masahudu

Disamba 2022

Adisa,

Ina gaida kowa. Kin ga wasan ƙwallonmu da Koriya a nan Doha? Da Nimal muka je, yana sanye da rigar Ghana, ya yi ihu har tari ya sarƙe shi. Huhunsa bai koma daidai ba, ya ce khalas, wato shi ke nan, gida za shi. Jiya na raka shi filin jirgi. Ya rungume ni, ni ma na rungume shi.

Da na dawo ɗaki na ga gadonsa babu zani, sai kewarku ta taso mini gaba ɗaya. Na je wurin kafil, wato maigidana na aiki, ya ba ni hutu. Ina nan tafe gida, amma kada ki gaya wa Rahmatu. Ina so in je makarantarsu da kaina in ga ko za ta gane babanta.

Mijinki mai kewarki,
Masahudu