Tukunyar Fidar Lukuta

Litinin, 1 ga Satumba

Yau ma na makara zuwa shago. Fida ce, kwalaben madarar 'yata Lukuta. Kafin in wanke su da buroshi, in ɗora ruwa ya tafasa, in tsamo su da cokali mai yatsu in kife a faranti, rana ta ɗaga. Dogo, abokin sana'ata, har ya yanke katakon ƙofofin kabad shi kaɗai. Kallona kawai ya yi ya ci gaba da aiki. Da ma faɗa ya yi.

Lukuta ta kusa cika shekara. Tun tana jinjira nake wannan aiki, tun mamanta na kwance a asibiti bayan haihuwa, ba ta ma san wanda ke kanta ba. Magungunan da aka ɗora ta a kai suka hana ta shayarwa, kafin ta miƙe nono ya ƙafe. Likita ya ce min sai madarar gwangwani, kuma duk abin da zai shiga bakin yarinyar nan a tafasa shi. Na riƙe maganar. Yanzu Maman Lukuta ta warke sarai, har ta koma kan kekenta na ɗinki a falo, amma tukunyar fida tana hannuna.

Bayana ciwo yake.

Alhamis, 4 ga Satumba

Na dawo na tarar da Lukuta a bakin ƙofa, ta kama silifas ɗina tana gwaguya, yawu har wuya. Na fizge, ta ƙwalla ƙara. Mamanta daga kan keke, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Kawo mu sa shi a tukunya shi ma, Baban Lukuta."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba. Daga baya da na shiga wanka na ɗan yi.

Asabar, 6 ga Satumba

Tururi ya ƙona min yatsa. Na wuni ina goge katako da hannun hagu. Dogo ya ce in wani ya tambaya zai ce injin yanka ne, don kada mutuncin shago ya zube.

Laraba, 10 ga Satumba

Ranar awo. Na bar Dogo da aiki na raka su. Layi, zafi, kukan yara ta ko'ina. Wata nas mai tabarau ta ɗora Lukuta a sikeli, ta ce tubarkalla, wannan ai suna ya bi jiki. Sai Maman Lukuta ta yi tambayar da na san tun daga gida ta shirya ta: har yaushe za a yi ta tafasa fida?

Nas ta ce da zarar ta cika shekara, tunda lafiyarta ƙalau, ba dole ba ne. A wanke tas da sabulu da ruwan zafi, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a bar shi ya bushe. Ta ce ma lokaci ya yi da za a fara janye fidar a koya mata kofi.

Na ce, to in aka samu wata ƙwayar cuta ta maƙale a kan fidar fa? Ta leƙo ni ta saman tabarau. Ta ce, "Malam, tana rarrafe?" Na ce har gudu. Ta ce, "To me ba ta lasa ba a gidan?"

Matan da ke kan benci suka kwashe da dariya. A hanyar dawowa Maman Lukuta sai fara'a take, ta tsaya ta sayi ɗan kofin roba mai hannu biyu. Ni dai na riƙe yarinya. Nas za ta faɗi nata ta tafi gida. Ba ita ta zauna a barandar asibiti da jinjira a cinya ba.

Lahadi, 14 ga Satumba

Shekara ɗaya cif. Alhamdu lillahi. Yaya ta zo da 'ya'yanta, surukata ta aiko da riga. Lukuta ta yi taku biyu ta zube a kan duwawu, ta tafa wa kanta.

Da baƙi suka watse na ɗora tukunya. Maman Lukuta ta tsaya a ƙofar kicin ta ce, "Ai yau ce ranar." Na ce bari wata ya ƙare tukuna. Ta ce wane bambanci ke tsakanin yau da ƙarshen wata? Sai na ƙara wuta.

Talata, 16 ga Satumba

Barci ya ɗauke ni a kan tarin katako bayan azahar. Dogo ya bar ni. Ya ce munsharina ya fi injin ƙara.

Juma'a, 19 ga Satumba

Abin da ya faru da safen nan ban ji daɗinsa ba, har yanzu yana cina.

Na tashi na tarar ta riga ni shiga kicin. Ta wanke fidar duka, ta jera su a faranti, suna ƙyalli. Ta ce in kwanta in ƙara hutawa, yau ita ta ɗauke min. Na ce na gode. Ta shiga wanka. Na zauna a bakin gado, na ce ba zan je ba. Sai ga ni a kicin. Na kwashe su na zuba a tukunya, wai kafin ta fito na gama na mayar yadda ta jera.

Ruwa bai ko fara motsi ba na ji ta a bayana, da tawul a kafaɗa.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Hannuna ne bai da tsabta?" Na ce ba haka ba ne. Ta ce, "To yaya ne?" Na fara kawo maganar likita, ta katse ni. Abin da na riƙe daga maganarta: wai tun da ta dawo gidan nan take jin kanta kamar baƙuwar da aka ba aron yarinya ta ɗan riƙe. Wai ba ta shayar da ita ba, ba ta ga wankanta na farko ba, ba ta san ranar da cibiya ta faɗi ba. "Fidar ma ba za a bar min ba?"

Na kashe wutar. Ta ce a'a, kunna abinka. Ta wuce ɗaki.

Na kunna. Wallahi na kunna. Ni kaina ban san me ke damuna ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Gaisuwa kawai. Keke na ta ƙara tun safe, ko ɗinkin gaggawa ba ta da shi.

Litinin, 22 ga Satumba

Na biya gidan Yaya bayan mun tashi daga shago. Ita ta taya ni rainon Lukuta a watannin nan na farko, don haka na ɗauka za ta goyi bayana. Tana tsince wake a tire, ta saurare ni har na gama. Sai ta ce, "Kai tun kana ƙarami haka kake. In aka ce ka riƙe abu, sai an ɓamɓare yatsunka."

Na ce Yaya, ke kin ga yadda yarinyar nan take, kamar a hure ta ta faɗi. Ta ce ta gani. Ta ce kuma ta ga ni ma yadda nake, ina dawowa daga asibiti in wuce kicin kai tsaye ko takalmi ban cire ba. Ta ce, "Lokacin ba abin da za ka iya yi wa matarka, sai ka samu abin da za ka iya. Ban hana ka ba. Amma yanzu matar tana falo tana ɗinki, kai har yanzu kana barandar asibiti."

Na ce zan tafi, dare na yi. Ta ce ko magariba ba a kira ba. Ta cusa min lemo a aljihu na yarinya, ta ce kada in tafasa.

Kowa ya zama mai ban dariya.

Alhamis, 25 ga Satumba

Lukuta ta karɓi kofi. Rabi a ciki, rabi a riga. Da rana kofi, da safe da yamma fida. Kofin mamanta ke wankewa, ban taɓa shi ba. Ina kallonsa dai.

Asabar, 27 ga Satumba

Zazzaɓi. Maman Lukuta ta kira ni a shago, na ajiye guduma na taho. Na same ta tana goge mata jiki da tsumma, yarinya ta yi laushi, ido a lumshe, ko silifas ɗina ba ta kula ba. Kafin in yi tunani baki ya riga ni.

Na ce, "Da me kika ba ta ruwa yau?"

Ta ɗago ta dube ni. Ba zan manta kallon ba. Ta ce, "Da kofin." Ta goya yarinya, ta ɗauki mayafi ta yi gaba, na bi ta a baya kamar wanda aka aika.

Likita ya duba maƙogwaro, ya duba kunne. Ya ce mura ce ta taɓa kunnen, yara da yawa na zuwa da ita kwanan nan. Ya tambaya ko tana gudawa ko amai. Babu. Ni ban tambayi maganar kofi ba. Ita ta tambaya, a gabana, da murya a sarari. Likita ya ce ba ruwan kofi. Ta ce, "Na gode, likita," ba ta ko waiwaye ni ba.

A adaidaita na ce ta yi haƙuri. Ta ce ba komai. Irin ba komai ɗin nan.

Lahadi, 28 ga Satumba

Yarinya ta ƙi ni yau. Na miƙa hannu ta juya ta cusa fuska a wuyan mamanta. Wuni guda a jikinta take, nan ta sha magani, nan ta yi barci. Na zauna a kujera ina kallonsu. Maman Lukuta na yi mata wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa wadda ban san da ita ba. Ashe suna da waƙa.

Na ɗan ji kishi, ba zan ɓoye ba. Na kuma ji kamar an sauke min buhun siminti daga ka.

Da yamma na kai mata shayi har inda take. Na ce maganar jiya ba ta dace ba, tsoro ne ya sa. Ta ce ta sani. Ta ce, "Ni ma tsoron nake ji, Baban Lukuta. Kai ka samu tukunya, ni ban samu komai ba." Sai hawaye suka zubo mata. Na rasa inda zan sa hannuna, na riƙe ƙafar Lukuta.

Talata, 30 ga Satumba

Zazzaɓi ya sauka. Ta koma jan zaren keke tana warware wa uwarta aiki. Wata ya ƙare yau. Ba wanda ya tuna min, na kuma san ba mantawa aka yi ba.

Na tafasa. Amma na safe kawai.

Asabar, 4 ga Oktoba

Aikin kicin ɗin wani gida mai bene. Hawa da sauka da katako tun safe, maigidan ya ce a sauke kabad ɗin sama a ƙara ɗaga shi, matarsa ta zo ta ce a mayar inda yake. Dogo ya yi ta istigfari. Na dawo ƙafafuna kamar ba nawa ba. Ban shiga kicin ɗinmu ba. Na ji ƙarar ruwa da buroshi, na ji ta tana hira da Lukuta, wai riƙe min murfin, a'a ba a baki ba. Na ce bari in ɗan miƙe bayana kafin in tashi.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Ban tashi ba ashe.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Fida ɗaya ta rage, ta kafin barci. Sauran Maman Lukuta ta zuba su a leda ta ɗora saman kabad, ta ce ko wani zai buƙata. Ban tambayi wane wani ba. Ta yi murmushi ta koma kan keke.

Da safe na shiga kicin na ga fidar a kife a faranti, da ɗigon ruwa a jikinta. Na ɗauka, na ɗaga ta wajen taga, na juya. Na shinshina ma, Allah ya sa ba ta gani ba. Ba komai sai ƙanshin sabulu. Na mayar yadda na same ta.

Muna karyawa ta ce, "Ba ka tambaye ni ba." Na ce me? Ta ce ka sani. Na ce miƙo min sukari.

Lukuta ta kifar da kofinta a kan wandona, sai da na canja, duk da haka na riga Dogo buɗe shago. Ya zo ya same ni ina shara, ya tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau.

Ba wai na daina ba ne. Yau ɗin ce dai ban yi ba. Jiya ma haka na ce.