Akuyar Goggo da Daƙiƙa Biyar

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka, ya kare ku daga sanyin ƙasar da kuke. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma fitowa tsakar gida tana yi wa jikoki faɗa, ka kuwa san in ta fara faɗa to ta warke. Yaya Babba ya sake rufin shagonsa, yanzu ba ya tara bokiti in an yi ruwa. Hotunanka sun iso. Inna ta ce ka rame, ni na ce mata tumbi ne ka ɓoye a cikin kwat.

Da gangan na ƙi yi maka maganar nan a waya, domin a waya kai gwani ne, sai ka yi dariya ka zame. Farkon zangon nan aka kawo mana sabon tsari a makaranta. Baƙi suka zo a farar mota, hedimasta ya tara mu, suka ce tsari ne da ƙasashe da yawa ke bi, an gwada an ga yara na saurin iya karatu. Aka ba kowane malami kwamfutar hannu. Darasi na ciki kalma bayan kalma, har inda za ka yi murmushi da inda yara za su tafa. Mun sa wa kwamfutar suna Sufeto, don duk motsinka tana kai rahoto can inda ba mu sani ba. Na tambayi matar da ta jagorance su waɗanne ƙasashe ne, kuma wa ya ji ta bakin malamansu. Ta ce tambaya ce mai kyau, ta rubuta a littafinta, shi ke nan maganar ta mutu. Shekara ashirin da shida ina koyar da aji biyu, tsarin da na gani ya kai biyar, kowanne da motarsa da rigunansa masu tambari, masu shi na tafiya ya bi su. Amma wannan daban ne, yana da ido a cikin ajina.

Dokar Sufeto ita ce, in ka tambayi yaro ka jira daƙiƙa biyar, in bai amsa ba ka faɗi amsar ka wuce. To ina da wata yarinya, 'yar telan nan na bakin kasuwa, mai i'ina. Wallahi ta san amsa, kana ganinta a kan leɓenta tana kokawa da ita, hannunta damƙe da gefen benci. Ni kuma ba zan iya ƙwace mata magana daga baki ba, sai in tsaya. Ina jira Sufeto na ƙirga, a buga ƙararrawa ban kai ƙarshen darasi ba. Sau biyu ke nan sunana yana fitowa da ja. Hedimasta ya kira ni ofis, idonsa na kan tebur, ya ce ba daga shi ba ne, daga sama ne. Na ce wace saman, ya ce shi ma iyakar saninsa ke nan. Ya ce in ja ya fito karo na uku a ƙarshen watan nan, za a cire ni daga aji a mai da ni sito, in riƙa gadin alli da tsintsiya. Na fito ina dariya don kada a ga idona, amma abin ya yi mini ciwo, Auta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Talata ina karanta wa yara darasi na arba'in da ɗaya, sai ga labarin wata akuya mai kunne ɗaya da ta cinye shafin farko na littafin wani yaro, yayarsa ta sake rubuta masa shafin a bayan tsohuwar kalanda, ta ɗinke da baƙin zare. Na tsaya cak a tsakiyar aji, har yara suka ɗauka ba ni da lafiya. Akuyar Goggo ce wannan! Kalandar ta ɗakin Baba ce, na sha mari a kanta. Duk duniya wa ya san baƙin zaren nan in ba ni da kai ba? Kai ka ce mana aikinka a ƙungiyar nan da ta aiko mana da tsarin fassara ce kawai da zaman taro. Sai na tuna bara da ka zo, ka zauna kana ta tambayata yadda nake koyar da baƙaƙe, kana danne-danne a waya. Ni baiwar Allah na ɗauka kewata ka yi, na yi ta zuba. Ba na son zarginka, amma tun ranar duk shafin da na buɗe sai in ji kamar muryarka, har da wannan “madalla, mu ci gaba” taka ta ƙosawa.

Labarin ya yi daɗi, yara sun so shi. Abu ɗaya aka cire: yaron nan, wato kai, yana da i'ina. Ko ka manta? A bakin ƙofar ɗakin Inna muke zama, baƙin “ba” kaɗai ya ci mana mako biyu. Malaminku ya ce kanka ba ya ja, Baba ya fara maganar kai ka wurin makaniki. Ni ban taɓa faɗa maka amsa ba, zama nake yi ina tsefe kaina har ta fito da kanta. Da Sufeto ce yayarka, da yau kana ƙarƙashin mota. Don haka tambayata ɗaya ce, kuma kada ka amsa mini da Turancin taro. Akuyar dai taka ce, na sani. Daƙiƙa biyar ɗin fa, ta waye? In ba kai ba ne, ka kai takardar nan gaban wanda ya rubuta, ka karanta masa da bakinka. In kuwa kai ne, ban gaya wa Inna ba, har yanzu tana faɗa wa baƙi autanta na can yana gyara makarantun duniya. Ni dai gobe zan tambayi 'yar tela, kuma zan tsaya.

Ka gaida mini matarka, ka ce na gode da man zafin. Ka shafa mini kan 'yan biyu da mai sunan Inna. Yaya Babba, Goggo da Kawu direba duk suna gaisuwa, Inna kuma ta ce ka riƙa cin abinci. Amsa kuwa kada ka yi gaggawa, ko a sito ta same ni zan karanta. Ka san ni, na saba jiranka.

Taka har kullum,
Yayarka, malamar aji biyu